Maganin Tsinka Jini Da Miyar Ganye: Abin Da Ciwon Zuciyar Babana Ya Koya Mana A Kubwa

Ya ku 'yan uwa mazauna Kudu, na Agege da Mile 12, na Sabon Ibadan, na Ama Awusa a Owerri, na Lokpanta da na Fatakwal. Daga Kubwa nake rubuto muku, nan cikin Abuja. Ni ba likita ba ne, iyakar karatuna sakandare, sana'ar gidanmu kuma shanu. Amma shekara biyu ke nan ni ke riƙe da katin asibitin mahaifina, ni ke raka shi ganin likita, ni ke ƙirga masa ƙwaya da daddare. A cikin wannan lokaci sau biyu muka kusa rasa shi, kuma duka biyun rashin sani ne ya jawo mana. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da muka koya, domin na san a kowane zango akwai dattijon da ke shan irin wannan magani.

Yadda abin ya fara

Baba ɗan kasuwar shanu ne a karar Dei-Dei, nan kusa da mu. Yakan sayo daga Potiskum ko Mai'aduwa, wani lokaci ya sayar a nan, wani lokaci ya yi lodi zuwa Legas. Ya haura sittin da biyar, kuma ya daɗe da hawan jini, sai dai ba ya shan magani sai ya ji kansa na sarawa. Wata rana da la'asar yana tsaka da ciniki sai ya nemi wuri ya zauna, ya ce ƙirjinsa na yin wani iri, kamar an ɗaure kaza tana fuffuka a ciki. Ga haki, ga jiri. Da muka je asibiti aka manna masa wayoyi a ƙirji aka yi awon da ake kira ECG, sannan aka yi hoton zuciya. Likita ya rubuta harufa biyu a kati: AF.

Bayanin da ya yi mana shi ne, zuciya ɗaki huɗu ce, biyu a sama biyu a ƙasa. A mai lafiya ɗakunan sama na matsawa su tura jini ƙasa, na ƙasa su tura shi cikin jiki, a jere kamar tafiyar agogo, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum na hutawa. A mai AF ɗakunan sama sun daina matsawa yadda ya kamata, karkarwa kawai suke yi. Saboda haka mu a gida muke kiran ciwon karkarwar zuciya. Idan ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannun mai shi za ka ji bugun ba tsari, ya yi sauri, ya tsaya, ya sake kwasa. Wasu kuma ba sa jin komai, sai an auna ake ganewa.

Na ɗauka haɗarin shi ne zuciyar ta tsaya. Likita ya ce babban abin da suke tsoro wani ne daban. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayanka ya san jinin da ya zauna wuri ɗaya daskarewa yake yi. To a ɗakin sama na hagu akwai wani ɗan lungu kamar aljihu, idan ɗakin ba ya matsawa sai jini ya kwanta a ciki ya zama guda. Ranar da gudan ya ɓalle, sai ya bi jijiya ya haura ƙwaƙwalwa ya toshe hanya. Wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki. Mai wannan ciwo ya fi wanda ba shi da shi haɗarin shanyewar jiki kusan sau biyar.

Ba kowane mai AF ake ɗora wa maganin tsinka jini ba. Likita na duba shekaru, musamman daga 65 zuwa sama, da hawan jini, da ciwon suga, da raunin zuciya, da ko mutum ya taɓa samun shanyewar jiki. Baba ya faɗa cikin lissafin. Aka ba shi magani iri biyu: ɗaya na rage saurin bugun, ɗaya kuma Warfarin, na hana jini yin guda. A lura da wannan, don mutane da yawa na haɗa su. Maganin rage bugu irin su bisoprolol ko digoxin yana sa mutum ya ji sauƙi, amma ba ya hana gudan jini. Warfarin kuwa ba za ka ji yana yi maka komai ba, alhali shi ke rage haɗarin shanyewar jiki da kusan kashi biyu cikin uku.

Kuskurenmu na farko

Wata biyar komai lafiya. Sai Baba ya bi lodi zuwa Oko-Oba a Agege. A can cikinsa ya ɓaci, ga gajiyar hanya, sai ya aiki yaro kemis aka haɗo masa maganin gudawa da na ciwon jiki. Bai ce yana shan Warfarin ba, ba a kuma tambaye shi ba. Kwana biyar yana sha, abinci ma ba ya iya ci sosai. Da ya dawo Kubwa, da daddare sai haɓo ya ɓalle masa. Muka toshe da auduga, muka sa ruwan sanyi, jini ya ƙi tsayawa. Umma ce ta lura fitsarinsa ma ya koma kalar zoɓo. A asibiti aka auna jininsa aka ce lambar INR ɗinsa ta haura 8. Aka ba shi bitamin K, ya kwana biyu a gado. Da likita ya duba ƙullin maganin kemis ɗin sai ya ga metronidazole da diclofenac. Ya girgiza kai ya ce, “Baba, waɗannan biyun da Warfarin ba sa haɗa hanya.”

Kuskurenmu na biyu

Wannan jini ya tsorata Baba ƙwarai. Ana cikin haka wani amininsa a kara ya zo dubiya, ya ce, “Alhaji, ka san abin da kake sha kuwa? Wallahi maganin ɓera ne. Ɗana ya duba a waya.” Ya kawo masa shawara ya koma ga tafarnuwa da citta da zuma, ai su ma suna tsinka jini, kuma na Allah ne. Baba bai gaya mini ba. In na miƙa masa ƙwayar sai ya karɓa, in na juya ya jefa a aljihun babbar riga.

Kusan wata biyu yana haka. Wata safiya bayan sallar asuba yana shan shayi sai kofi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Na ce, “Baba, lafiya?” Ya buɗe baki zai amsa, maganar ta fito a cakuɗe, gefen bakin ya karkace. Kafin mu isa asibiti, cikin kamar minti ashirin, ya dawo daidai, har yana cewa mu koma gida. Likita ya hana. Ya ce ƙaramin guda ne ya toshe jijiya ya sake wucewa, kuma irin wannan gargaɗi ne, babbar na iya biyowa cikin 'yan kwanaki. INR ɗinsa ranar 1.1, wato kamar wanda bai taɓa shan maganin ba. A nan ne Baba ya faɗi gaskiya. Umma ta zazzage aljihun riguna, ta tara ƙwayoyi cike da murfin kwano.

Ashe daga shanu aka samo maganin

Na tambayi likita maganar maganin ɓera, ina jiran ya ƙaryata. Ya ce gaskiya ce, amma rabin labarin aka ba mu. Daga baya na bi labarin na karanta, sai na tarar ya shafe mu 'yan kara fiye da kowa.

A farkon shekarun 1920, a arewacin Amurka da Kanada, shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini. A yanke wa sa ƙaho ko a dandaƙe shi, jini ya ƙi tsayawa har ya faɗi. Wani likitan dabbobi a Kanada mai suna Frank Schofield ya gano cewa daga abincinsu ne, wata ciyawa ce da ake busarwa a ajiye musu kamar yadda muke ajiye harawa, idan ta yi fumfuna sai ta zama guba. A watan Fabrairun 1933 wani manomi, Ed Carlson, ya ɗauko matacciyar saniyarsa da bokitin madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa da tarin ciyawar, ya kai Jami'ar Wiskonsin, inda ya haɗu da masanin sinadarai Karl Paul Link. Link da ɗalibansa suka yi shekara shida kafin su ware sinadarin a 1939. Daga danginsa aka ƙera Warfarin. A 1948 aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane, a 1955 kuma aka ba shugaban Amurka Eisenhower bayan ya samu bugun zuciya.

Da na ba Baba wannan labari sai ya yi shiru, can ya ce, “To ai ko gishirin da muke ba shanu, in ya yi yawa kisa yake.” Ya gane da kansa. Bambancin guba da magani a nan ma'auni ne. Kuma ga wani abin lura ga masu cewa na ganye ba ya cutarwa: abin da ya kashe shanun nan ciyawa ce tsagwaronta.

Yadda yake aiki, da ma'anar INR

Muna cewa maganin tsinka jini, amma jinin ba ya komawa ruwa. Abin da ke faruwa shi ne yana ɗaukar lokaci fiye da da kafin ya daskare. Hanta ce ke ƙera sinadaran da ke daskarar da jini, kuma ba ta iya ƙera huɗu daga cikinsu sai da bitamin K. Warfarin na tare hanyar da jiki ke sake amfani da bitamin K ɗin. To ka ga sikeli ke nan: Warfarin a hannu ɗaya, bitamin K a ɗaya hannun. In bitamin K ya yi nauyi, maganin ya yi rauni, guda na iya fitowa. In ya yi ƙasa, ko wani magani ya ƙara wa Warfarin ƙarfi, sai zubar jini.

Gwajin INR shi ke nuna inda sikelin ya tsaya. Wanda ba ya shan magani lambarsa wajen 1 ce. Mai karkarwar zuciya ana so ya zauna tsakanin 2 da 3. Wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe akan ɗaga masa, wani har 2.5 zuwa 3.5. Ƙasa da 2 kariya ta ragu, sama da 4 ko 5 haɗarin jini ya ƙaru sosai. Ba a gane lambar ta yadda jiki ke ji, sai an ɗebi jini. Da farko ana yi duk 'yan kwanaki ko duk mako, in ta daidaita a koma kamar wata-wata. Sannan maganin ba ya kamawa nan take, sai ya ɗauki kwana huɗu ko biyar, haka in an canza yawansa ba a ganin sakamako washegari.

Maganar abinci

Bitamin K ya fi yawa a koren ganye: alayyafo, zogale, kabeji, latas, ugu, lalo da dangoginsu. Kuɓewa ma tana da nata daidai gwargwado. Bayan abin da ya faru, Umma ta ce daga yau an daina miyar ganye a gidan nan, har kuka ta so ta hana. Likita ya ce kada ta yi haka. Wanda ya daina cin ganye gaba ɗaya lambarsa ta fi yin tsalle-tsalle, don ranar da ya ɗan ci sai sikeli ya karkace. Kuma dattijo mai hawan jini yana buƙatar ganye. Abin da ake so shi ne daidaito. In ka saba cin miyar ganye sau uku a mako, ci gaba da sau uku, likita zai daidaita yawan ƙwaya a kan haka. Abin gudu shi ne mako guda ba ganye, mako na gaba kullum kwaɗon zogale cike da kwano.

Ku da ke Kudu wannan ya fi shafarku. Mutum yana gida Katsina ko Sakkwato yana cin tuwo da miyar kuɓewa busasshiya, ya sauka Legas ko Ibadan ya koma amala da ewedu da efo, ko ya je Kalaba da Uyo inda miyar afang da edikang ikong kusan ganye ce zalla. Abincin ba shi da laifi, canjin ne ke motsa lamba. Haka in ka shekara a Kudu ka tafi gida hutun Sallah na wata guda. Haka damina da rani: da damina ɗanyen ganye ko'ina, da rani ya ja baya. Haka azumi, lokacin da wasu gidaje ba a buɗa-baki sai da kwaɗon rama ko zogale. Duk lokacin da cimarka ta canza sosai, ko ka yi kwanaki ba ka iya cin abinci saboda zazzaɓi ko gudawa, je a auna INR cikin mako guda ko biyu, kada ka jira ranar da aka rubuta maka.

Garin zogale da ake sha cokali-cokali a koko ko shayi ya fi ganyen miya taruwa wuri ɗaya. Mai shan Warfarin kada ya fara shi ko ya daina shi kai tsaye ba tare da likita ya sani ba.

Kemis ya fi kicin haɗari

Abin da ya kwantar da Baba ba daga tukunya ya fito ba. Ga magungunan da ke ƙara wa Warfarin ƙarfi, kuma duk ana samunsu a kemis na unguwa: metronidazole da aka fi sani da Flagyl, co-trimoxazole da aka fi sani da Septrin, ciprofloxacin da ake yawan sha don taifot, erythromycin, da fluconazole na ƙaiƙayi da sanyin mata. Amiodarone, wanda shi ma na bugun zuciya ne, yana ɗaga lamba, shi ya sa likita kan rage Warfarin in ya haɗa su. Rifampicin na tarin fuka kuma akasin haka yake yi, yana raunana maganin ƙwarai.

Sai magungunan ciwon jiki: diclofenac, ibuprofen, piroxicam da asfirin. Waɗannan suna goge bangon ciki, suna kuma rage ƙarfin ƙwayoyin jini masu toshe rauni, ko da lambar INR ba ta motsa ba. Garin Alabukun da direbobi da 'yan lodi ke sha akwai asfirin a ciki. Haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna, wanda ake cewa na gajiya, ba ka san abin da ke ciki ba, ka bar shi. Farasitamol ya fi aminci, amma shi ma in za a yi kwanaki ana sha da yawa a gaya wa likita. Giya ma tana rikita lamba tana ƙara haɗarin jini, a faɗa wa wanda abin ya shafa.

A kula da launin ƙwaya. A tsarin Ingila ƙwaya mai ruwan hoda miligiram 5 ce, a tsarin Amurka mai ruwan hoda miligiram 1 ce. Kasuwarmu kuma daga ko'ina magani ke shigowa. Kada ka ce wa mai kemis ya ba ka “mai ruwan hodar nan”. Karanta lambar da ke jikin kwali. In ka manta ba ka sha ba ka tuna a ranar, sha. In sai washegari ka tuna, sha na ranar kawai, kada ka ninka.

To akwai na gargajiya da zai maye gurbinsa?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke yi mini a kara. Amsar da na samu daga likita, wadda kuma muka gani da idonmu, ita ce babu wani ganye ko saiwa ko mai da aka gwada a kan masu wannan ciwo aka tabbatar yana hana shanyewar jiki. Tafarnuwa da citta da kurkum suna ɗan taɓa yadda jini ke daskarewa. Wannan ɗan tasiri bai kai ya hana guda a cikin zuciya ba, amma in aka sha su da yawa a kan Warfarin yana iya ƙara zubar jini. Ka ga an yi asara ta fuska biyu. Wanda ake sawa a miya ko a shayi daidai misali ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce jiƙo da tsimi da kwalba-kwalba da ake sha safe da yamma. Ko man habbatus sauda ne ko wani haɗi daga kantin magungunan Musulunci, ka ɗauke shi ka nuna wa likita kafin ka fara. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa abin yana hana gudan jini.

Asfirin ɗan ƙarami mai miligiram 75 da dattawa da yawa ke sha shi ma ba ya maye gurbin Warfarin a wannan ciwo. Kariyarsa kaɗan ce, haɗarin jininsa kuma yana nan. Ƙwayar man kifi da ake tallatawa, an gano shan ta da yawa na iya ƙara haɗarin karkarwar zuciyar ma.

Sai maganar wanzami. Ƙaho da tsaga da cire haƙori duk fitar da jini ne. Mai shan maganin tsinka jini kada ya zauna gaban wanzami ko mai cire haƙori bai faɗa ba, kuma kada ya dakatar da magani da kansa don zai yi ƙaho. Mata kuma su sani Warfarin na cutar da ɗan tayi. Mai shan sa da ke son ɗaukar ciki, ko ta ga wata ya wuce, ta garzaya asibiti a canza mata.

Abin da ke taimakawa na gaskiya ba tare da ƙwaya ba yana nan, sai dai ba a kwalba yake ba. Riƙe hawan jini da suga. Rage gishiri da dunƙulen magi da kanwa. Rage ƙiba ga mai ƙiba, domin an ga hakan na rage yawan tashin ciwon. Tafiyar ƙafa kullum. Barin taba. Mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci ya faɗa wa likita, don wannan na tayar da ciwon. Wanda ya lura goro ko shayi mai kauri ko lemon ƙara kuzari na sa ƙirjinsa bugawa ya rage. Duk waɗannan suna tafiya ne tare da magani, ba sa ɗauke shi.

Sababbin magunguna

Wanda awon INR ya gagare shi, musamman mai yawan tafiya, yana da abin da zai tambayi likita. Daga 2010 zuwa 2015 an amince da wasu magunguna huɗu don wannan ciwo: dabigatran, rivaroxaban, apixaban da edoxaban. Ba ruwansu da bitamin K, saboda haka miyar ganye ba ta motsa su, kuma ba a yin awon INR, sai dai a riƙa duba ƙoda lokaci-lokaci. Amma sun fi Warfarin tsada nesa ba kusa ba, kuma ƙarfinsu na fita daga jiki cikin kamar kwana ɗaya, don haka mai tsallake sha saboda kuɗi ya yanke yana zaune ba kariya. Rivaroxaban sai da abinci ake shan sa. Diclofenac da asfirin da rifampicin har yanzu ba sa jituwa da su.

Kuma ba kowa suka dace da shi ba. Mai ƙofar zuciya ta ƙarfe Warfarin ne nasa. Haka wanda ƙofar zuciyarsa ta tsuke sakamakon ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi magani ba, ciwon da ya yi yawa a ƙasashenmu har a cikin matasa. Wani babban bincike mai suna INVICTUS da aka fitar a 2022, a kan mutum fiye da 4,500 a ƙasashe 24 na Afirka da Asiya da Latin Amurka, ya nuna cewa a irin waɗannan marasa lafiya masu shan Warfarin da danginsa sun fi masu shan rivaroxaban tsira daga mutuwa. Shi ya sa hoton zuciya ke da muhimmanci kafin a zaɓi magani, kuma shi ya sa ba a aron maganin maƙwabci.

Alamomin da ba a jira gari ya waye

Na zubar jini: haɓon da ya wuce minti goma ana matse hanci bai tsaya ba, fitsari ja, bahaya baƙi kamar kwalta, aman jini, taruwar jini a ƙarƙashin fata ba tare da an buge ba, jinin al'ada da ya wuce ƙima, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya. In mai shan maganin ya faɗi ya bugu a kai, ko daga kan babur ko sa ya ture shi, a kai shi asibiti ko da ya ce ba ya jin komai, domin jini na iya tsiyaya a cikin kai a hankali.

Na shanyewar jiki: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta cakuɗe, gani ya ɗauke. Ko ya warware cikin minti biyar a tafi. Kada a tsaya shafa mai ko ɗura masa ruwa, kada kuma a ba shi asfirin a gida, don ba a san ko toshewa ce ko fashewar jijiya ba sai an yi hoton kai. A yi masa addu'a a cikin mota ana tafiya. Mu a nan akwai Babban Asibitin Kubwa, da Asibitin Ƙasa a cikin gari, da asibitin koyarwa na Gwagwalada. Ku ma kowa ya san babban asibitin da ya fi kusa da zangonsa tun kafin buƙata ta taso.

Inda muke yanzu

Baba ya koma kan Warfarin, shi ya zaɓa da kansa bayan an lissafa masa kuɗin sabon maganin na shekara. Yana sha bayan sallar isha'i, a gabana ko a gaban Umma. Hannunsa ya dawo, sai dai ya ce in ya daɗe yana ƙirga kuɗi yatsun na gajiya. Miyar ganye sau uku a mako, ko yana Kubwa ko yana Agege. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta kwanan wata da lambar INR da yawan ƙwaya, na kuma rubuta a wata takarda da Hausa da Turanci cewa yana shan Warfarin, da lambar wayata, na sa a leda a cikin aljihun da yake ajiye rasit ɗin shanu. Kafin ya bi lodi sai an auna, in ya dawo a sake. Watan jiya lambarsa 2.4.

Amininsa da ya kawo maganar maganin ɓera har yanzu tare suke zama a rumfa, ba wanda ya riƙe shi a zuciya, don da kyakkyawar niyya ya faɗa. Kwanaki ma shi ya kira ni gefe ya ce, “Ɗana, zo ka taɓa mini hannun nan, kamar nawa ma ba ya tafiya daidai.” Na taɓa, na ce, “Baba Alhaji, gobe da safe mu je a yi ECG.” Mun je.

In akwai mai shan wannan magani a gidanku, yau ɗin nan ku tambaye shi yaushe rabonsa da awon INR, kuma me yake sha bayan shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya kare matafiyanmu a kan hanya. Amin.